Hawan balan-balan mai kwando: abin da za ka tarar daga biyan kuɗi zuwa sauka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna shirin tafiya hutu, kuma ta matsa sai mun hau balan-balan ɗin nan mai ɗaukar mutane a kwando. Tare za mu tafi da mahaifiyata da ɗanmu ɗan shekara biyar. Na duba intanet na ga kamfanoni barkatai, kowa da farashinsa. Me ya kamata in sani kafin in biya, kuma me za mu tarar ranar tashin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya. Na daɗe a wannan harka, da jan igiya a ƙasa na fara, da bin balan-balan a mota, kafin in shiga kwando. Don haka bari in fara maka da abin da kamfanoni ba sa rubutawa da manyan baƙaƙe a tallarsu: balan-balan ba shi da sitiyari, ba shi da injin da ke tura shi gaba, ba shi da birki. Ikon matuƙi a kan abu ɗaya ne tak, hawa sama da saukowa. Gabas ko yamma kuwa, iska ce ke yanke hukunci. Kusan duk abin da zai ba ka mamaki ko ya ba ka haushi a wannan tafiya daga nan ya taso, tun daga sammakon da za a sa ku, har soke tashi ana saura minti goma, har rashin sanin inda za a sauke ku.

Tun a wajen cike fom za a tambayi nauyin kowane ɗayanku. Kada uwargida ta ji haushi, kuma kada kowa ya rage ko kilo biyar don kunya, lissafi ne zalla. Iska idan ta yi zafi takan buɗe ta rage nauyi. Kubik mita ɗaya na iskar waje nauyinsa wajen kilo 1.2 ne, idan aka dafa ta ta kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyos sai ya dawo ƙasa da kilo ɗaya kaɗan. Wannan ɗan bambancin, kusan kwatan kilo a kowane kubik mita, shi ne duk ƙarfin da ke ɗaga ku. Shi ya sa buhun, wato ƙaton ƙyallen da ke riƙe iskar zafin, yake da girma haka. Wanda zai ɗauki mutum uku ko huɗu da kwando da tukwanen gas yakan haura kubik mita 2,000, manyan na 'yan yawon buɗe ido kuma, masu ɗaukar mutum ashirin ko fiye, sukan wuce 10,000. Matuƙi yakan haɗa nauyin fasinja da zafin garin ranar da tudun wurin da za a tashi, ya ga ko zai ɗaga ku ba tare da ya ƙure zafin da ƙyallen zai iya jurewa ba. Da nauyin ne kuma zai raba ku a kwando don ya daidaita. Wasu kamfanonin sukan ƙara kuɗi idan mutum ya wuce wani nauyi, ka karanta wannan tun kafin ka biya.

Sai batun lokaci. Kusan ko'ina a duniya da sanyin safiya ake tashi, daidai fitowar rana, a wasu ƙasashen kuma akan ƙara da yamma lis, kamar awa biyu kafin faɗuwarta. Ba don hoto ya fito da kyau ba ne, ko da yake yana fitowa. Da rana ta ɗaga ta gasa ƙasa, iskar da ke bisa ƙasar takan ɗumama ta riƙa tashi sama a dunƙule, wata ta sauko ta maye gurbinta. Da ita shaho da ungulu ke shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. Mu kuwa abokiyar gabarmu ce, don tana iya ɗaga balan-balan ba da son matuƙi ba, ta danno shi ƙasa, ko ta matse buhun ta fitar da iskar zafin da ke ciki. Saboda haka ka sa rai mota za ta zo ɗaukar ku a masauki da duhu, ƙarfe huɗu ko biyar na asuba gwargwadon ƙasa da lokacin shekara. Zaman da za ku yi a sama wajen awa ɗaya ne, wani lokaci minti arba'in da biyar, wani lokaci ya ɗan zarce awa, ya danganta da inda aka samu filin sauka. Amma hidimar gaba ɗaya, daga fita zuwa komowa, takan ci awa uku zuwa huɗu.

To ga babbar magana, wadda a kanta ake yawan ɓatawa tsakanin kamfani da fasinja: soke tashi. Iskar da matuƙi ke so a ƙasa ita ce wadda ba ta wuce kilomita 10 a awa ba, irin wadda da ƙyar take kaɗa ganye. Idan ta haura 15 zuwa 18, yawancin masu ɗaukar fasinja sun fasa. Ruwan sama, ko yayyafi ne, yakan jiƙa ƙyalle ya ƙara masa nauyi ya kuma sanyaya iskar ciki. Hazo yakan ɓoye wayoyin lantarki. Hadari ko yana nesa sosai yana iya turo guguwa ta iso ku ba sallama. Akwai kuma wanda ya fi ɓata wa fasinja rai: gari ya waye tangaran, ba gajimare ko ɗaya, ƙasa shiru, amma a ce an fasa. Dalili shi ne mita ɗari biyu ko uku a sama iska na gudu, kuma matuƙi ya san da rana ta fito wannan gudun zai sauko ƙasa daidai lokacin da yake neman sauka. Ko kuwa iskar lafiya lau take, sai dai ta nufi teku, ko daji mara fili, ko filin jirgin sama.

Na sha ganin fasinja ya tsaya yana faɗa a fili, yana nuna sama yana cewa ga gari nan garau. Ni a ganina matuƙin da ya iya kallon mutum ashirin da suka yi sammako suka biya kuɗi ya ce musu yau babu, shi ne wanda ya kamata ka miƙa wa iyalinka. Kamfanin da ke alfahari da cewa shi ba ya fasawa, ka guje shi.

Abin da wannan ke nufi gare ka a aikace shi ne ka kama gurbi a safiyar farko ta zamanku, ba ta ƙarshe ba, don a samu kwanakin da za a sake gwadawa. Dubi Kapadokiya a Turkiyya, wurin da ya fi ko'ina suna a wannan harka, inda a safiya mai kyau balan-balan fiye da ɗari ke tashi daga kewayen garin Goreme. A can ba kamfani ne ke yanke shawara shi kaɗai ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar ce ke ba da izini kowace safiya da alamar tuta: kore a tashi, rawaya a dakata, ja an fasa. Idan ja ta fito kowa ya zauna, kuma da yake gurbin gobe an riga an sayar wa wasu, ba lallai ne a tura ka gobe kai tsaye ba, musamman lokacin cikowar baƙi. Da hunturu an fi yawan fasawa a can, daga Afrilu zuwa wajen Oktoba ko Nuwamba an fi samun tashi. Kowane wuri da kakarsa. A Bagan ta ƙasar Myanmar lokacin rani ake tashi, daga wajen Oktoba zuwa Maris. A Masai Mara ta Kenya ana tashi kusan duk shekara, amma gurbi yakan yi wuya daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da garkunan namun daji ke ƙetarowa daga Serengeti. A Ingila kuwa ba abin mamaki ba ne a ɗage wa mutum sau da yawa a jere, shi ya sa tikitinsu yakan yi shekara guda yana aiki.

Kafin kuɗinka ya fita, ka sa a rubuta maka amsar wannan: idan yanayi ya hana tashi, kuɗina za a mayar mini gaba ɗaya, ko wata rana za a ba ni? Ga mazaunin gari wata rana ba matsala ba ce. Ga baƙon da jirginsa zai tashi jibi, tikitin da ba a mayar da kuɗinsa asara ce kawai. Sau da yawa farashin nan mai arha da ka gani a intanet irin wannan ne. Ka kuma tambayi hukuncin idan ku ne kuka fasa, kwana nawa kafin ranar za a yarda ba tare da an yanki wani abu ba.

Sannan ka san da wa kake ciniki. Da yawa daga shafukan da ke sayar da tikiti ba su da ko igiya ɗaya, dillalai ne, su karɓi kuɗinka su tura ka duk kamfanin da ke da sauran wuri. Ba laifi ba ne, amma ka nemi sunan ainihin kamfanin da zai tashi da ku, don shi za ka bincika. Yana da rajista da hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar? Matuƙinsa na da lasisin ɗaukar fasinja, ba na tashi don nishaɗin kansa kawai ba? Awa nawa ya yi a sama, kuma a wannan yankin? Akwai inshorar fasinja? Kamfani na ƙwarai ba ya jin zafin waɗannan tambayoyi, da sauri ma yake amsawa. Ka duba taka inshorar tafiyar ita ma, don wasu sukan cire hawan balan-balan daga abin da suke biya sai an ƙara shi musamman. Bambancin farashi kuma galibi daga yawan mutanen kwando yake. Babban kwando a rarrabe yake gida-gida, mutum uku zuwa biyar a kowane gida, matuƙi da tukwanen gas a tsakiya. Na mutum ashirin da wani abu ya fi arha, amma kafaɗa da kafaɗa za ku tsaya. Na mutum takwas ko sha biyu ya fi sarari, na ku kaɗai kuma ya fi kowanne tsada nesa ba kusa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ana yin haɗari, ko da yake ba kasafai ba idan aka dubi yawan masu tashi kullum. Ranar 26 ga Fabrairu 2013 a Luxor ta Masar wuta ta kama wani balan-balan yana shirin sauka, sanadiyyar yoyon gas, mutum 19 suka rasu. Ranar 7 ga Janairu 2012 a Carterton ta New Zealand wani balan-balan ya faɗa kan wayoyin lantarki, mutum 11 suka rasu. Ranar 30 ga Yuli 2016 kusa da Lockhart a jihar Teksas ta Amurka ma wayar lantarki ce, duka mutum 16 da ke ciki suka rasu, kuma masu bincike sun gano an tashi ne cikin hazo da gajimare na ƙasa-ƙasa, ga matuƙin da larurar lafiya da magungunan da bai kamata a tashi da su ba. Bayan wannan ne Amurka ta wajabta wa matuƙan balan-balan na haya takardar gwajin lafiya. Idan ka lura, abubuwa biyu ne ke maimaituwa, wuta da wayar lantarki, kuma bayansu akwai kula da kayan aiki da hukuncin mutum ɗaya. Wannan ne ya sa na ce ka binciki matuƙi fiye da yadda za ka binciki kyan hotunan shafinsu.

Yanzu ga iyalinka. Yaron ɗan shekara biyar, mai yiwuwa ba za a karɓe shi ba. Yawancin kamfanoni daga shekara shida, bakwai ko takwas suke farawa, wasu kuma tsawo suke aunawa, wajen mita 1.2. Bangon kwando ya kai ƙirjin babba ko ƙasa kaɗan, yaro ƙarami ba abin da zai gani sai saƙar kwando, kuma an hana ɗaga shi a hannu. Ga rurin murhun gas da ke dafa iskar buhun a saman kansa, wanda kan firgita yara, ga shi dole ya iya riƙe kansa da kansa wajen sauka. Kada ka ƙara masa shekaru a fom. Maiɗakinka kuma idan akwai juna biyu, ko na wata nawa ne, ba za su ɗauke ta ba, saboda girgizar sauka.

Mama kuwa shekarunta ba su ne abin dubawa ba, na ga tsofaffi tukuf sun hau sun sauka suna dariya. Abu uku za ka auna. Za ta iya tsayuwa awa guda cur? Don yawancin kwanduna ba kujera. Za ta iya haura bango mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya ta hanyar sa ƙafa a ramukan da aka huda a jikinsa? Kwanduna kaɗan ne ke da ƙofa, idan ana buƙatar irinsu sai an tambaya tun da wuri. Na uku, gwiwoyinta da bayanta za su ɗauki dira kamar ta wanda ya yi tsalle daga kan kujera? Idan tana da ciwon baya, ko raunin ƙashi, ko ciwon zuciya, ko an yi mata tiyata kwanan nan, a tambayi likitanta, a kuma gaya wa kamfanin gaskiya. Idan abin bai yiwu ba, ka tambaya ko za a bar ta ita da jikanta su zo filin tashi su kalla. Wasu kamfanonin har sukan bar 'yan rakiya su bi motar ma'aikata. Wallahi kallon hura balan-balan a duhun asuba ba ƙaramin abu ba ne, yaron ma zai fi morewa daga ƙasa.

Tufafi ba wani dogon zance. Takalmi rufaffe mara tsini, don filin na iya kasancewa da raɓa ko taɓo ko ƙaya. Kaya na auduga, bisa-bisa, yadda za a iya cire na sama idan rana ta fito. Hula, saboda zafin murhu yakan sauko a tsakar ka, dogon mutum ya fi jin sa. Wando ya fi sauƙin haurawa, kuma duk mayafi ko gyale mai kaɗawa a ɗaure shi a cusa, kada ya kusanci fanka ko igiya. Sanyin da za ku ji a fili kafin tashi ya fi na sama. Kuma babu banɗaki a kwando, sau da yawa babu a filin ma, a rage shan ruwa da shayi kafin fita. Taba sigari kuwa ko kusa, kuna tsaye ne kusa da tukwanen gas.

Idan kun isa fili za ka ga matuƙi ya saki ɗan ƙaramin balan-balan irin na wasan yara, ya tsaya ya kafa masa ido har ya ɓace. Ba wasa yake ba, yana karanta yadda iska ke juyawa ne hawa-hawa, kuma daga abin da ya gani yana iya cewa a koma mota a canza fili, ko a fasa. Idan ya gamsu, sai a kwantar da kwando a gefensa, a jawo buhun daga jakarsa a shimfiɗa shi a ƙasa, dogo kamar ba zai ƙare ba. Mutum biyu su riƙe bakinsa a buɗe, a tayar da babbar fanka mai injin fetur ta riƙa tura iska mai sanyi ciki. A hankali ƙyallen zai kumbura har mutum ya iya shiga ciki ya yi tafiya a tsaye, kuma za ka ga matuƙi ya shiga yana duba igiyoyi da murfin da ke can ƙololuwa. Wani ma'aikaci yana can nesa ya ja igiyar ƙololuwar da dukkan nauyinsa don kada buhun ya miƙe da wuri. Sai matuƙi ya durƙusa bayan murhu ya saki wuta. Harshenta ya fi tsawon mutum sau biyu ko uku, rurinta kuma sai ka ji shi a ƙirji. Cikin minti kaɗan buhun ya tashi tsaye ya jawo kwandon ya zauna daidai. A nan za a ce ku shiga, kuma da hanzari ake so, don wannan ne lokacin da iska ta fi wasa da shi, yana ɗaure da mota da igiya.

Kafin a saki igiyar za a koya muku tsayuwar sauka. Ka ajiye waya ka saurara, ka kuma tabbata uwargida ta gwada da jikinta, ba kallo kawai ba.

Tashin kansa yawanci mutane ba sa sanin an yi. Ba figa, ba girgiza, sai dai ka ga ma'aikatan da ke riƙe da kwando suna ƙanƙancewa. Da yake tare da iska kuke tafiya, da gudunta, ba za ka ji tana busa ka ba, kuma kwandon ba ya lilo, shi ya sa masu amai a mota ko jirgin ruwa ba kasafai suke jin komai a nan ba. Masu tsoron bisa ma da yawa sukan saki jiki bayan minti biyar, ko da yake ba zan yi maka alƙawari a kan kowa ba. Tsakanin wuta da wuta shiru ne sosai, har kana jin haushin karnuka da muryar mutane daga ƙasa. Akan yi sama mita 300 zuwa 1,000, wani lokaci kuma a sauko a bi saman bishiyoyi ko cikin kwari, kuma a wurina wannan ƙasa-ƙasan ya fi daɗi, don a nan ake ganin abu da kyau.

Ka lura da hannun matuƙi, a nan gwanintar take. Idan ya saki wuta, balan-balan ba ya amsawa nan take, sai bayan daƙiƙa da dama, don haka kullum yana aiki ne da abin da zai faru nan gaba kaɗan. Idan yana son sauka sai ya bar iskar ta huce, ko ya ja igiyar da ke buɗe murfin sama ta fitar da zafi. Juyawa dama ko hagu kuma sai ya nemo ta a wani hawa: iskar mita ɗari na iya nufar arewa, ta mita ɗari biyar ta karkata gabas, sai ya hau ko ya sauka ya shiga wadda yake so. Wani zai tofa yawu ko ya fesa ɗan kumfan aski ya leƙa ya ga inda iskar ƙasa ta kai shi. A Albuquerque ta Amurka, inda ake babban bikin balan-balan a watan Oktoba, bikin da aka fara tun 1972, akwai safiyar da iskar ƙasa ke tafiya kudu ta sama kuma arewa, har matuƙi ya je ya dawo ya sauka kusa da inda ya tashi. Wannan sa'a ce ta wurin. A yawancin wurare inda aka tashi daban, inda za a sauka daban, kuma idan talla ta nuna maka wani dutse ko kogi ko garken giwaye, ba wanda ya isa ya yi maka alƙawarin za a bi ta kansu.

Sauka ita ce wurin da ake samun yawancin raunuka, targaɗe da karayar idon sawu, kuma mafi yawansu na waɗanda ba su bi umarni ba ne. Idan matuƙi ya ce a shirya, ka sa waya da kyamara cikin riga ko jaka, ka juya bayanka ga inda ake dosa, ka jingina da bangon kwando, ka haɗe ƙafafu ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka kama madaukan igiya da ke ciki da hannu biyu. Kada ka zauna a ƙasan kwando, kada hannu ko gwiwar hannu ta leƙa waje. Ranar da iska ta kwanta, za a dire ku a hankali, a Kapadokiya ma gwanaye kan ɗora kwandon a kan tirelar mota kai tsaye. Ranar da take da ɗan gudu, kwandon zai bugi ƙasa, ya yi tsalle, ya sake bugu, ya kwanta a gefensa buhun ya ja shi mita goma ko ashirin cikin ciyawa, ku kuna kwance rigingine kan bangon da kuka jingina, wani bisa wani. Wannan ba haɗari ba ne, sauka ce da aka saba, kuma saboda ita ne har yau ake saƙa kwando da sandar rattan mai lanƙwasa, don tana shanye bugu. Dokar da ba a karyawa ita ce kada kowa ya fita sai matuƙi ya ce a fita. Mutum ɗaya ya dira, kwando ya rage kilo saba'in ko tamanin, balan-balan ya sake tashi da sauran.

Duk tsawon tafiyar akwai mota a ƙasa tana bin ku, suna magana da matuƙi ta rediyo. Wani lokaci kuna sauka suna isowa, wani lokaci a jira su rabin awa ko fiye, suna neman hanya ko suna neman izinin mai gona. Akan nemi fasinja su taya matse iska daga buhun a cusa shi jaka, ba dole ba ne, amma yakan rage jira. Daga nan sai ɗan biki. Al'adar ta samo asali daga Faransa, inda abin ya fara: 'yan'uwan nan biyu na gidan Montgolfier sun tashi tunkiya da agwagwa da zakara a gaban Sarki Louis na 16 a Versailles ranar 19 ga Satumba 1783, sannan ranar 21 ga Nuwamba na shekarar Pilâtre de Rozier da Marquis d'Arlandes suka zama mutanen farko da suka tashi sake ba igiya, suka yi wajen minti 25 a saman Paris. Ana ba da labarin cewa matuƙan farko kan riƙe kwalbar giyar shamfen don lallashin manoman da suka faɗo wa gona, shi ya sa har yau kamfanoni da yawa ke buɗe kwalba bayan sauka, su ba da takardar shaidar tashi. Idan ba ku sha, ka faɗa tun wajen kama gurbi, sukan tanadi lemo, wasu ma mara giya suke bai wa kowa. Ka tambaya kuma ko kuɗin da ka biya ya haɗa da ɗauka da mayarwa masauki, da karin kumallo, da kuɗin shiga gandun daji idan a gandu ne, don hotuna da bidiyon da ma'aikata ke ɗauka galibi daban ake sayar da su. Kuma kada ka sa tafiyar jirgi ko wani alƙawari mai muhimmanci kafin azahar a ranar, don ba wanda ya san a gonar da za a tsince ku, ko nisanta da titi.